Mai ciwon gaɓoɓi ya ajiye fartanya ne, ko ya sauya yadda yake aikin lambu?

Malama Mai Ritaya, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya raba kan mutanen gidana. Ina da ɗan lambu a bayan gida inda nake shuka alayyafo da rama da yakuwa da kuɓewa, sai 'yan tushen tumatir da attarugu idan sanyi ya shigo, kuma tun ina aikin koyarwa nake kula da shi da hannuna. Yanzu likita ya tabbatar mini da cewa ciwon da nake ji a gwiwoyina da gindin babban yatsana na dama amosanin gaɓɓai ne, irin wanda guringuntsi ke zaizayewa saboda shekaru. Tsugunno ya gagare ni, ɗaukar bokitin ruwa daga famfo zuwa lambun ya zama jan aiki, kuma duk ranar da na yi cirar ciyawa da safe, to, yinin nan ko murfin kwalba ba na iya murɗewa. 'Ya'yana sun dage a kan in bar lambun baki ɗaya, ni kuwa raina bai kwanta da hakan ba. Shin aikin lambun ne ke ƙara lalata gaɓoɓin, ko akwai yadda zan ci gaba ba tare da na cutar da kaina ba?

Ɗan Fadama, Kadawa:
Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni dai zan goyi bayan yaranki, kuma ba don ina raina lambu ba, domin a cikinsa na tashi, da shi nake ciyar da iyalina. Aikin ƙasa aikin ƙarfi ne, babu yadda za a lallaɓa shi. A nan wajenmu na ga dattawan da suka yi shekaru suna duƙe a komin albasa da tumatir, yau ga su nan sai da sanda, salla ma a kan kujera suke yi. Wanda Allah Ya ba 'ya'yan da ke cewa ya huta, ai ya gode Masa. Alayyafon da za ki ci a mako bai kai kuɗin maganin gwiwa na kwana biyu ba. Idan kuma ganin kore kike so a tsakar gida, ki sami yaro ki riƙa biyansa, ke kuma ki zauna a inuwa kina nuna masa abin da zai yi.

Ma'aikaciyar Gashin Ƙashi, Kano:
Mama sannu da jiki. Malam Ɗan Fadama, na fahimci tausayin da ke cikin maganarka, amma shawarar zama a inuwa ita ce abin da muke roƙon masu wannan ciwo su guje mata. Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi ba shi da jijiyoyin jini, abincinsa yana samunsa ne daga ruwan da ke cikin gaɓar, kuma motsi ne ke tura ruwan nan ya shiga ya fita. Bayan haka, naman cinya shi ne ke tallafe gwiwa, kuma idan mutum ya daina aiki da shi yakan saki cikin 'yan makonni, sai nauyin jiki ya koma kan gaɓar da dama can ta gaji. Ga kuma ƙiba da ke biyo bayan zama wuri ɗaya, alhali kowane kilo ɗaya da ya ƙaru a jiki yana ɗora wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a duk taku. Shi ya sa motsa jiki da rage ƙiba suke gaba da kowane ƙwayar magani a tsarin kula da wannan ciwo.

Dattawan da ka ambata ba ƙarya ka yi ba. Yawan tsugunno da durƙuso da ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru suna daga cikin abubuwan da ke jawo zaizayewar gwiwa. Sai dai wanda ya yini a duƙe a fadama domin ya cika kwandunan kasuwa daban yake da wadda za ta yi minti 20 a tsaye tana tsinkar ganyen miya. Abin da za a raba Mama da shi abu uku ne, wato tsugunno, da ɗaukar ruwa, da damƙar abu siriri da ƙarfi. Sauran aikin lambun, kamar tafiya tsakanin shuke-shuke da miƙa hannu da tashi da zama, irin atisayen da da kanmu muke rubuta wa marasa lafiya ne.

Kuma Mama ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan nau'in a duniya, kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa.

Tsohon Malamin Gona, Gusau:
Hajiya Malama, tunda 'yarmu ta asibiti ta ce tsugunno ne matsala ta farko, to, maimakon ki sauka wurin ƙasa, ƙasar za a ɗago ta zo wurinki. Hanya mafi araha ita ce noman buhu, wanda ya yaɗu a garuruwanmu cikin 'yan shekarun nan. A sami buhunan shinkafa ko na masara da aka gama amfani da su, a huda gindinsu wuri kaɗan domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, a cika su da haɗin ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi ɗaya, da yashi ko ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe da gangan, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Buhun da aka cika ya tsaya yakan kai tsayin gwiwa ko ya ɗan wuce, idan kuma aka ɗora shi a kan bulo guda ko biyu, sai bakinsa ya zo daidai ƙugu. A saman ki shuka kuɓewa ko tumatir, a jikin buhun kuma a yi 'yan tsaga a soka dashen alayyafo ko latas.

Wanda ke da hali ya gina komi mai tudu da bulo ko tubalin ƙasa, tsayinsa tsakanin santimita 60 zuwa 75 idan a zaune za a yi aiki, ko ya kai 90 idan a tsaye ne. Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne faɗi. Idan za ki iya zagaya komin ta ɓangare biyu, kada faɗinsa ya wuce santimita 120, idan kuwa ya jingina da katanga, kada ya wuce 60, domin duk abin da ya wuce tsawon hannu zai sa ki miƙa baya da kafaɗa, kin gudu daga ciwon gwiwa kin faɗa na ƙugu. Ba na ba da shawarar katako a ƙasarmu, gara ba za ta bar shi ya ga damina biyu ba. A ƙasar Lesotho akwai wani salo da aka yaɗa saboda marasa lafiya da tsofaffi, zagayayyen komi ne na duwatsu mai faɗin kamar mita biyu da tsayin ƙugu, an bar wata 'yar kafa da mutum zai shiga ya isa tsakiya, inda aka kafa kwando ana zuba ɓawon kayan miya da ruwan wanke-wanke. Ruwan yana ratsa takin ya bazu cikin komin. Da dutse ko fasassun bulo ana iya yin irinsa a kowace tsakar gida.

Gargaɗi ɗaya kawai: ranar cika buhu da gina komi ba ranar aikinki ba ce. Nan ne wurin da samarin gida za su nuna tausayin da suke faɗa da baki. Kuma a ajiye kowane buhu a inda zai zauna kafin a cika shi, domin buhun jiƙaƙƙiyar ƙasa ko lafiyayyen namiji ba ya jan sa cikin sauƙi.

Ɗan Fadama, Kadawa:
Ranka ya daɗe Malamin Gona, ban ƙi taka ba, amma akwai abin da masu yabon noman buhu ba sa faɗa. Ƙasar da ke cikin buhu tana bushewa da sauri fiye da ta ƙasa, saboda rana da iska suna dukan ta ta kowane gefe. A watan Maris da Afrilu, buhun da aka bai wa ruwa da safe kafin La'asar ganyensa ya lanƙwashe. Ke nan an rage wa Hajiya tsugunno an ninka mata ɗaukar ruwa, wanda shi ma yana cikin abubuwa ukun da aka ce ta bari. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarkar 'yan garuwa mai lita 25 kuwa kowa ya san yadda take. Sannan buhunan yanzu ba sa jure rana, kafin shekara ta zagayo sun fara yagewa, sai a sake neman masu cikawa.

Tsohon Malamin Gona, Gusau:
Wannan magana taka gaskiya ce, kuma da ma a ganina ruwa shi ne babban aikin lambu, ba noma ba. Ciyawa sau ɗaya ko biyu ake cire ta a mako, ruwa kuwa kullum ne. Saboda haka kafin Hajiya ta sayi buhu ko ɗaya, ta fara duba inda famfonta yake, ta matso da lambun kusa da shi, ko da wurin bai kai tsohon wurin kyau ba. Tiyo mai tsawon mita goma ya fi kowane kayan aiki da za ta saya amfani. Inda ruwan famfo ba ya zuwa kullum, a ɗora duro a kan bulo ya yi tsayin kamar mita ɗaya, a sa masa kan famfo a ƙasa, mai kura ya riƙa juye jarkokinsa kai tsaye a ciki, daga nan tiyo ya ɗauka. A rufe bakin duron da kyau saboda sauro. Irin wannan tsayin ya isa ya tura ruwa cikin siririn tiyo mai ɗigo, kuma cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta daɗe tana koya wa masu lambu wannan ban ruwa na ɗigo da ba ya buƙatar inji.

Akwai kuma dabarar da ba ta buƙatar sayen komai daga kanti. A binne tulun ƙasa, wanda ba a shafa wa komai ba, har zuwa wuyansa a tsakiyar komi, a cika shi da ruwa a rufe bakin. Yadda randa ke zufa tana sanyaya ruwan sha, haka tulun zai riƙa tsatsar da danshi a hankali zuwa saiwoyin da ke kewaye da shi, sai bayan 'yan kwanaki a sake cikawa. A buhu kuma gorar roba da aka huda da allura aka binne ta tana yin kusan wannan aikin. Sai a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsu uku, wanda ke tsare danshi, kuma yana hana ciyawa tsirowa, wato ya rage aiki biyu a lokaci guda. A jera buhunan su manne da juna domin su yi wa juna inuwa, a sa su inda katanga za ta kare su daga ranar yamma. Game da yagewa, baho ko bokitin fenti ko rabin duro sun fi buhu daɗewa, buhu dai na farawa ne.

Sannan babu dokar da ta ce sai an yi lambu wata goma sha biyu. Daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwa, a bar abin da ke jure fari kawai, a huta.

Baba na Maraɗi:
Ina gaida mutanen zaure. Ina biye da ku, na ga duk kun tafi a kan ɗago ƙasa sama, babu wanda ya taɓo maganar ƙotar fartanya. Ku mutanen kudu da mu kun saba da gajeruwar fartanya wadda dole sai an duƙa, har kuna ganin noma da duƙawa abu ɗaya ne. A nan wajenmu, musamman ƙasar jigawa ta arewacin Maraɗi da Damagaram da Tawa, da hauyar tsaye ake noman gero. Ƙarfenta shimfiɗaɗɗe ne mai kama da jinjirin wata, ƙotarta doguwa ce har ta fi mutum tsayi, kuma tura ta ake yi gaba tana shiga ƙarƙashin ƙasa kaɗan tana yanke saiwar ciyawa. Mutum yana tsaye cak, bayansa a miƙe. Ni da nake magana na haura saba'in, gwiwata ta hagu ba ta lanƙwashewa sosai, amma da ita nake nome yakuwa da guro, wato kuɓewa, a kangon da ke jikin gidana. Shuka kuma da sungumi ake yi, shi ma a tsaye, a sara rami a jefa iri a rufe da diddige.

Hajiya ki je wurin maƙeri ki ce ya yi miki ƙarama, faɗin ƙarfen kamar tafin hannu, domin ta shiga tsakanin layuka. Amma in faɗa miki gaskiya, a ƙasa mai yashi take aiki. Idan ƙasarku ta Zariya jar laka ce mai tauri, sai an jiƙa ta tukuna, in ba haka ba turawar za ta koma a kafaɗarki.

Malama Mai Ritaya, Zariya:
Baba na gode, Allah Ya ƙara girma. Ƙasar bayan gidana mai tauri ce kam, da rani sai ka ce daɓe, amma shekarun da na yi ina zuba mata taki sun sa saman ya yi laushi, don haka ina ganin za ta karɓi irin wannan hauya. Tambayata ga 'yata ta asibiti ita ce batun yatsa. Ko da na sami komi mai tudu, tsinkar ganye da cirar ƙananan ciyayi da hannu ake yi, kuma nan ne babban yatsan ke yi mini tsiya. Sannan ina da kujera 'yar tsugunno da nake zama a kai idan ina dashe, amma tashi daga kanta sai na dafa ƙasa da hannu biyu.

Ma'aikaciyar Gashin Ƙashi, Kano:
Mama, kujerar nan ki mayar da ita kicin ko ki bai wa jikoki. Duk mazaunin da zai sa gwiwa ta fi ƙugu tsayi yana matse gaɓar, kuma lokacin tashi ne nauyi ya fi sauka a kanta. Ki nemi benci ko kujera mai tsayin kamar santimita 45, mai ƙafafu masu ƙarfi da ba za su nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, in da hali mai wurin dafawa. Idan kina amfani da sanda, ki riƙe ta a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen gwiwar da ta fi ciwo ba.

Shi kuwa gindin babban yatsa, abin da ya fi wahalar da shi shi ne mintsini, wato kama abu tsakanin babban yatsa da manuni da ƙarfi. Ƙa'idar da muke koyarwa ita ce a ɗora aiki a kan babbar gaɓa a sauke wa ƙarama. Ƙotar wuƙa ko ta ƙaramin cokalin haƙa, ki naɗe ta da tsohuwar robar cikin tayar keke ko yankin soson katifa har ta yi kaurin da yatsunki ba za su haɗu da tafin hannu ba idan kin riƙe. Ƙota mai kauri ba ta buƙatar damƙa mai ƙarfi. Ganye kuma ki daina tsinka da farce, ki yi amfani da almakashi mai sifirin da ke buɗe kansa. Ciyawa ki cire ta bayan ban ruwa, tana ƙarama, lokacin da ƙasa ta yi laushi. Kwando ko ƙaramin bokiti ki rataye shi a damtse kusa da gwiwar hannu, ko ki rungume shi da hannu biyu a jikinki, kada ki saƙale shi da yatsu. Akwai kuma ɗan abin ɗaure babban yatsa da ake samu a sashenmu na manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a nan Kano ko asibitin koyarwa na Shika da ke kusa da ke, gara a gwada miki wanda ya dace da hannunki da ki saya a kasuwa da ka.

Game da lokaci, kada ki jira sai ciwo ya tsayar da ke. Ki yi minti 15 zuwa 20, ki miƙe ki ɗan taka, ki sauya wani aikin da ba gaɓa ɗaya zai ci ba. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne, idan ciwon da aiki ya tayar ya wuce awa biyu bayan kin gama, ko kika wayi gari gaɓar ta fi jiya kumbura, to, kin zarce, gobe ki rage. Ɗan ciwon da ke lafawa da hutu ba alamar lalacewa ba ne. Da hunturu ki tsoma hannu cikin ruwan ɗumi na 'yan mintuna kafin ki fita, kuma ki bari hantsi ya ɗaga.

Ƙanwarku daga Jos:
Iyayena da yayyena barkanku da wannan tattaunawa. Ina so in ƙara wani abu saboda masu karatu da ciwonsu ba irin na Mama ba ne. Ni shekaruna ba su kai arba'in ba, kuma nawa shi ne wanda garkuwar jiki ke afka wa gaɓoɓi, yana kama yatsu da wuyan hannu na dama da hagu a tare. Mama idan ta tashi da safe, sandarewar gwiwarta takan saki kafin rabin awa, ni kuwa nakan haura awa ɗaya ban iya dunƙule hannu ba, ga sanyin Jos a kai. Saboda haka shawarar da aka saba bai wa masu lambu, cewa su fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ba ta yi mini aiki. Bayan La'asar nake shiga lambuna.

Bambanci na biyu shi ne ciwon namu yana tashi yana kwanciya. Ranar da gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ba ranar jarumta ba ce, hutu take so. Wannan ne ya sa na tsara lambun yadda zai iya jure rashina na mako guda. Na rage latas da kabeji masu son a kula da su kullum, na ƙara shuwaka da na'ana'a da ɗoɗɗoya da albasa mai ganye, waɗanda sau ɗaya ake dasawa a yi ta yanka. Na uku, magungunan da ake ba mu, irin su methotrexate da ake sha sau ɗaya a mako, suna rage ƙarfin garkuwar jiki, don haka ƙaramin yanka a cikin ƙasa mai taki ba abin wasa ba ne. Ba na taɓa ƙasa sai da safar hannu, kuma likitana ya tabbatar na yi allurar rigakafin tetanus, ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta rauni. Safar tana da wani amfanin ma, domin ƙarƙashin buhu da bulo wurin kwanciyar kunama ne.

Abokin Zogale, Katsina:
Duk wannan dogon bayani, maganin yana cikin lambun kansa. Hajiya ki shuka zogale ki riƙa shan garin ganyensa da zuma da citta safe da yamma, ki daina cin tumatir da gauta da yalo domin su ke tayar da sanyin ƙashi. Mutane da yawa sun warke ta haka ba tare da sun je asibiti ba.

Ma'aikaciyar Gashin Ƙashi, Kano:
Malam, zogale abinci ne mai kyau, kuma ina goyon bayan a shuka shi, amma babu ganye ko ƙwayar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya zaizaye. Haka nan babu hujjar da ta nuna tumatir ko gauta suna tayar da wannan ciwo, kuma hana dattijuwa kayan miya asara ce kawai. Nau'in da abinci ke tayarwa a fili shi ne gawut, wanda ya fi kama babban yatsan ƙafa farat ɗaya cikin dare, kuma abin da ake rage wa mai shi kayan ciki ne da yawan jan nama da lemon kwalba mai zaƙi da barasa, ba ganye ba. Inda maganarka ta fi ba ni tsoro shi ne irin ciwon ƙanwarmu ta Jos, domin idan aka bar shi ba magani na watanni ana jiran zogale, yana iya karkatar da yatsu har abada, alhali maganin asibiti da wuri yana hana hakan.

Tunda an zo batun magani, bari in faɗi abin da nake gani a wurin aiki. Mutum zai sha diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam da safe domin ya iya yin aikin gona, ciwon ya ɓuya, ya yi aikin da ya fi ƙarfin gaɓar, gobe ya ƙara sha. Waɗannan ƙwayoyi idan aka daɗe a kansu ba tare da kulawar likita ba suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna hawar da jini, musamman ga tsofaffi. Haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a sayar da sunan maganin ciwon jiki sun fi haɗari, domin sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, masu kumbura fuska da tayar da suga da raunana ƙashi. Ga gwiwa da yatsu, maganin ciwo na shafawa ya fi na sha sauƙin illa. Kuma duk wanda gaɓarsa ɗaya ta kumbura ta yi ja da zafi tare da zazzaɓi, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya gashi da ruwan zafi.

Tsohon Malamin Gona, Gusau:
A matsayin shuka dai, zogale ya dace da mai ciwon gaɓoɓi ƙwarai, da sharaɗin a riƙa sare kansa. Idan aka bar shi, cikin shekara guda zai wuce tsayin ɗaki, sai an ɗaga hannu sama da kai ko an taka wani abu kafin a sami ganye, kuma hawa kan kujera ga mai raunin gwiwa neman karaya ne. A datse shi a tsayin ƙirji, zai yi rassa da yawa a inda hannu ke kaiwa. Haka tumatir da kokwamba a ɗaure su a jikin kara ko raga su hau sama, a tsinka a tsaye. Kabewa da kankana da dankalin Hausa, masu yaɗo a ƙasa ko masu buƙatar haƙa, a bar wa masu ƙuruciya. Hanyar da ke tsakanin buhuna kuma a share ta ta zama shimfiɗaɗɗiya, kada a bar tiyo a miƙe a kanta, kuma a shiga da takalmi mai rufi da ba ya santsi, ba silifas ba.

Ɗan Fadama, Kadawa:
To, jama'a kun rinjaye ni a kan cewa kada Hajiya ta zauna haka kawai, amma ina nan a kan bakana game da girman lambun. Abin da nake tsoro shi ne a fara da buhu kaɗan, idan suka yi kyau sai zuciya ta raya a ƙara, kafin a ankara an koma gidan jiya. Hajiya ki ƙayyade adadi tun yanzu, kamar buhu takwas da komi ɗaya, ki faɗa wa yaranki su zama shaida. Kuma tunda tumatir da attarugu kike so, kada ki wahalar da yatsanki da renon iri, ƙwayar tumatir ƙanƙanuwa ce, tsinto ta da raba dashe duk aikin mintsini ne da aka hana ki. Daga watan Oktoba zuwa Nuwamba masu lambun bakin rafi suna sayar da dashe a ƙulle, ki aika a sayo miki mai ganye huɗu zuwa shida wanda karansa ya yi kauri, a dasa da yamma a ba shi ruwa nan take. Irin alayyafo kuma ki gauraya shi da busasshen yashi a cikin gwangwanin da aka huda murfinsa, ki barbaɗa, ba sai kin mintsina ba, kuma ba zai fito a cunkushe ba balle ki zauna ragewa.

Baba na Maraɗi:
Na manta ban faɗi ba, Hajiya, idan za a yi miki ƙotar hauyar, kada maƙeri ya sa miki bututun ƙarfe, yana da nauyi kuma da hunturu sanyinsa yana shiga yatsu. Ki ce masassaƙi ya nemo itace mara nauyi, miƙaƙƙe, ya goge shi sumul. Tsawon kuma a gwada a jikinki, ki tsaya ki riƙe, idan sai kin sunkuyar da kai kafin ƙarfen ya kwanta a ƙasa, ta yi gajarta, a sake wata.